Yadda ake gyara kwamfutar da ta kasa karɓar adireshi daga rauta

A shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa, ko a Ringim ne ko Bichi ko wani ƙauye a hanyar Gumel, wannan matsala ta zama ruwan dare: an jona kebul ko an shiga waifai, amma kwamfuta ta ƙi buɗe komai, a ƙasan allo kuma ta rubuta "Unidentified network". Nan da nan sai a ɗora wa sabis laifi, wani ma ya sake sayen data. Alhali sau da yawa data tana nan daram. Kwamfutar ce ba ta samu adireshi ba.

Duk na'urar da ta shiga rauta, wato akwatin da ke raba intanet, sai ta yi sallama ta nemi lamba, wato adireshi, rauta kuma ta ara mata ɗaya, kamar 192.168.1.105, zuwa wani wa'adi, galibi kwana ɗaya. Wannan tsari shi ake kira DHCP. In ta yi ta sallama ba a amsa ba, sai Windows ta laƙa wa kanta lamba mai farawa da 169.254, wadda ba ta kai mutum ko'ina.

Da farko ka tabbatar ciwon ke nan. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, a baƙin allon da zai buɗe ka rubuta ipconfig. Ka ga 169.254? To, rauta ba ta amsa ba. Ka ga 192.168 tare da lamba a layin Default Gateway, wato adireshin rauta? Adireshi ya samu, sai ka koma binciken data da layi. In kuwa "Media disconnected" aka rubuta, ko haɗuwa ba a yi ba.

Sai tambayar da ke raba gardama: kwamfuta ɗaya ce ko duka? Ɗauki wayar hannu ka shiga waifai ɗin. In ita ma ta tsaya cak tana neman adireshi, rauta ce. Zare ta daga wuta, jira sakan 30, mayar, ka ba ta kamar minti biyu. Inda ake aiki da sola ko janareta, kwamfuta kan riga rauta tashi bayan ɗaukewar wuta, ta yi sallama tun mai gida bai farka ba. Haka kuma batirin inbata in ya yi sanyi da yamma, ko cajar rauta ta gaji, za ka ga fitilu suna ci amma na'urar tana ta mutuwa tana tashi. Duba bayanta, a nan aka rubuta wutar da take sha, yawanci 12V, kada ka sa mata cajar da ta gaza haka.

Akwai kuma cikowa. Ƙananan MiFi da yawa na'ura 10 kawai suke ɗauka. In kalmar sirri ta zaga majalisar ƙofar shago, wayoyin samari sun cinye gurbi, kwamfutar aiki ta rasa wurin zama. Daga na'urar da ke ciki, buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin takardar bayan rauta, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a na Huawei kuma 192.168.8.1. Tabbatar DHCP a kunne take, duba yawan waɗanda ke ciki, canja kalmar sirri. Ka leƙa wurin tace MAC ma, inda rauta ke hana wasu na'urori shiga bisa lambar jikinsu, ko an toshe kwamfutar bisa kuskure.

In kwamfuta ɗaya ce, kuma da kebul take, a nan ya kamata ka daɗe. Dubi ramin da kan kebul ke shiga: in ƙaramar fitilar ba ta ci, hanya a yanke take. Kan kebul siraran wayoyi 8 ne a ciki, ɗaya ta saki tana iya yanke hanya. In 'yar ƙugiyar roba da ke riƙe shi ta karye, zai zauna kamar ya shiga alhali bai kai ba. Ƙurar hunturu tana cika ramin, sai a hure ta a goge da busasshen buroshi. Bi kebul ɗin da hannu daga farko har ƙarshe, musamman inda ya ratsa rufi ko bayan kabad, domin ɓera ba ya raina shi. Tsayinsa kada ya wuce mita 100. A rauta kuma ramin LAN na jona kwamfuta za ka sa shi, ba na WAN da intanet ke shigowa ta cikinsa ba, wanda galibi launinsa daban ne. Canja rami, canja kebul. Da damina tsawa kan ƙona rami ɗaya ta bar sauran.

In waje lafiya, shiga ciki. Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan Ethernet ko Wi-Fi, zaɓi Properties, buɗe Internet Protocol Version 4. Dole zaɓin ya tsaya a "Obtain an IP address automatically", na DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lamba, ma haka. Kwamfutocin da aka saya na hannu daga wani ofis sukan zo da tsohuwar lamba a kafe, ba sa ma neman sabuwa. Daga nan, da Windows da R, buɗe services.msc ka ga DHCP Client tana gudana, kuma an sa ta a Automatic.

Yanzu nemo cmd a Start, danna dama a kansa, zaɓi "Run as administrator", rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. In ya daɗe ya dawo da cewa ya kasa samun sabar DHCP, rubuta netsh winsock reset, sai netsh int ip reset, ka kashe kwamfuta ka kunna.

In har yanzu shiru, koma Internet Protocol Version 4, zaɓi "Use the following IP address", ka gwada sa lamba da hannu. Idan rauta 192.168.1.1 ce, ba kwamfuta 192.168.1.250, Subnet mask 255.255.255.0, Default Gateway 192.168.1.1, DNS kuma 8.8.8.8. A cmd rubuta ping 192.168.1.1 don ka ga ko rauta za ta amsa. Amsa ta dawo, hanya lafiya, rabon adireshi ne ya lalace a rauta. Wannan gwaji ne kawai, in an gyara ka mayar yadda yake. Babu amsa ko da sabon kebul, to katin netwok ɗin ne ko direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi: danna dama a kan Start, cire shi a Device Manager ka sake kunna kwamfuta, in ya ƙi ka sayi adaftar USB. Yi wa kwamfuta fomat a kan wannan ɓarnar yini ce.

Ɗan ramin Reset da ke bayan rauta shi ne na ƙarshe. Tsinke da sakan 10 sun isa su share sunan waifai, kalmar sirri da saitin APN da ke haɗa layinka da intanet, don haka ka rubuta su a takarda kafin ka soka.