Yadda ake haɗa kayan gidan tsoro ba tare da an kashe kuɗi da yawa ba

A Amurka duk ƙarshen Oktoba lokacin bikin Halowin, 31 ga wata, mutane kan mayar da garejinsu gidan tsoro, kuma yawancin kayan da hannu suke haɗawa. Masu shirya gajerun bidiyo na ban tsoro ma wannan zai musu amfani.

Fara da fatalwa don ita ce mafi sauƙi. Samu tsohon farin gidan sauro ka jiƙa shi cikin sitati mai kauri, ka hura balan-balan ka ɗora a bakin gora, ka lulluɓa ka barshi a rana, in ya bushe sai ka fasa balan-balan ɗin ka zare gorar, zaka ga ta tsaya da kanta. Jinin ƙarya kuma sukari ne da aka dafa ya yi kauri, da jar kalar abinci, da ɗan garin Milo, don in ja ne zalla kowa zai gane fenti ne.

Allon kabari irin na turawa da farin soson nan na cikin kwalin firji ake yi, amma kar ka fesa masa fentin gwangwani, narkar da shi zai yi, fentin ruwa zaka shafa. In kana so abu ya rinƙa motsi nemi injin waifa na tsohuwar mota, batir mai bolt 12 ya ishe shi.

Wanda ya fi burge ni shine dabarar gilashi da masanin kimiyya John Henry Pepper ya nuna a Landan a 1862, har yau wurin shaƙatawa na Disneyland na amfani da ita. Ka kafa gilashi garai a karkace, digiri 45, tsakanin masu kallo da ɗakin da suke kallo, a gefe ka ɓoye mutum cikin lungun da ka rufe da baƙin yadi, kana haska shi da tocila sai hotonsa ya bayyana a ɗakin ana hango bango ta jikinsa, kana kashewa ya ɓace bat. Gilashin dai ya sha goga, ko shatin yatsa ɗaya zai tona asiri.

Maganar wuta kuma ba wasa. A 1984 gobara ta kashe matasa 8 a gidan tsoron wurin shaƙatawa na Six Flags dake jihar New Jersey ta Amurka. Soso da yadi da kwali duk abincin wuta ne, don haka ba kyandir ba ashana, fitilar LED kawai, ƙofar fita kuma a barta a buɗe da alama mai haske.