Yadda na magance koren ruwa mai guba a tafkina

Ranar da na tarar da tafkina ya yi kore shar, kamar an zuba fenti, kifaye suna hamma a sama, sai na fara da killace shi daga dabbobi. Gubar wannan gansakuka hanta take lalatawa, tafasa ruwan ma ba ya kawar da ita.

Abincinta taki ne da kashin dabbobi da ruwan sama ke sharowa. Sai na dasa ciyawa a gaɓa don ta tare su, na kuma rage abincin kifi.

Daga nan na cusa busasshen karan sha'ir cikin raga, sako-sako don iska ta ratsa, na bar shi yana yawo a saman ruwa. Ruɓewarsa ce ke hana sabuwar gansakuka tsirowa, amma sai an yi haƙurin makonni. Bayan wata 6 nake sake sabo.