Kafin A Rushe Soron Kakanninku

Gidanmu na gado yana cikin birnin Kano, ginin ƙasa ne mai zaure biyu, da rufin ɗaurin guga a turakar maigida. Bayan rasuwar Baffa sai 'yan'uwa suka kasu biyu, wasu na cewa a rushe a zuba shaguna, wasu na cewa a bar shi. Ni na ɗauki ɗawainiyar neman a sa shi cikin gidajen tarihi, kuma ga hanyar da zan nuna wa duk mai irin wannan niyya.

Ka fara da magada tukuna. Gida mai magada goma sha biyar, in mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, takardarka ta mutu tun ba ta bar zaure ba. Ku zauna, ka faɗa musu gaskiya: ba lallai a karɓe gidan daga hannunku ba, amma da zarar an ayyana shi, babu rushewa, babu sauya fasali sai da izini. Wanda ya riga ya ƙirga kuɗin hayar shago a ransa, gara ya ji wannan daga bakinka tun yau.

Sai ka tattara tarihi, domin tsufa kaɗai ba ya sa a kare gida. Wa ya gina shi, wa ya zauna, me ya faru a ciki? Gidan Ɗan Hausa da ke Kano ya tsira ne saboda Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, wanda ya zauna a cikinsa ya kuma buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Jihar Bauchi kuwa aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, kuma tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Ni kuwa na zaunar da Goggo da la'asar, na kunna waya tana ba da labari, ta lissafa malaman da suka yi karatu a zaurenmu. A ƙasan wata tsohuwar adaka muka samu wasiƙun ajami da takardun haraji, asu ya ci gefensu. Ka ɗauki hoton komai: azara, zanko, bakan gizo, zanen dagi da ke goshin ƙofa.

Daga nan mai unguwa, shi zai kai ka wajen hakimi a ba ka takardar shaida. Ka haɗa ta da wasiƙarka ka kai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ofishinta na Gidan Ɗan Hausa. In gidan ya kai a yi maganarsa a matakin ƙasa, akwai hukumar gidajen tarihi ta tarayya da aka kafa a 1979, ita ke kula da Gidan Makama. Ita za ta buga sanarwa a jaridar gwamnati, a ba masu ƙorafi dama, sannan shugaban ƙasa ya ayyana. Hanya ce mai tsawo, sai ka yi guzurin haƙuri.

Damina kuwa ba ta jiran takarda. Kafin ruwan fari ka share indararo, ka duba azara ko gara ta shiga, ka kira maginin ƙasa ya yi yaɓe ya shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke kare bango daga ruwan sama. Kada ka bari a shafa wa bangon ƙasa siminti. Wani ƙanina ya yi mana haka a bangon gabas, inda ruwa ya fi duka, wai yana taimako. Siminti ya riƙe laima a ciki, damina biyu kawai ya ɓamɓaro tare da tubalin. Tsohon maginin da ya gyara mana ya dubi wurin ya girgiza kai, ya ce a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana uku kafin ya taɓa bangon.