Yadda za ka cika littafin zanenka a titunan Kumasi

Da farko nemi ƙaramin littafi mara layi wanda zai shiga aljihu, da fensir mai laushi da ake kira 2B. Abin gogewa bar shi a gida, ɓata lokaci ne kawai.

Kada ka fara da babbar kasuwar Kejetia, cunkoson zai rikita ka. Je unguwar Aboabo da sassafe wurin mai koko da ƙosai, ka gaishe ta: "Hajiya ina kwana, kin yarda in zana teburinki?" In ta ƙi, sayi kokonka ka yi gaba.

Fara da abin da ba ya motsi: tukunya, ludayi, benci.

Mutane su ne aikin. Mai dakon kaya ba za ta tsaya maka ba, don haka ja layin bayanta tukuna, daga wuya zuwa diddige. Dubi yadda gammo ke lotsewa ƙarƙashin daro, wuya a miƙe, ƙugu ne ke karkata. Fuska daga baya, in ma ka samu. Yaron trotro (ƙaramar motar haya) da ke leƙowa ta ƙofa, daƙiƙa 30 ta ishe ka zana shi.

A ƙasan kowane shafi rubuta wuri da kwanan wata, ranar Juma'a ka kai wa malaminka na zane.