Kurakuran da aka fi yi wajen sauraron kiɗan su Bach da Beethoven

Babban kuskure shi ne mayar da kiɗan kilasika na Turai abin kawo barci. Mutum zai kunna, ya koma danna waya, bayan minti biyar ya ce shi bai ji komai ba. Ai ba zai ji ba. Yawancin wannan kiɗa ba baiti, ba amshi, duk zancen yana cikin sautin. Wanda ya tsara kiɗan yakan kawo ɗan gajeren kari tun farko, sai ya yi ta juya shi: ya ɗaga, ya sauke, ya karɓe daga masu goge ya miƙa wa masu busa. Simfoni ta 5 ta Beethoven (simfoni dogon kiɗa ne mai babi-babi na taron makaɗa), wadda aka fara kaɗawa a birnin Vienna a 1808, da sauti huɗu take buɗewa, uku gajeru ɗaya dogo, kuma kusan duk babin farko a kansu aka gina shi. Ajiye wayar, ka riƙe karin nan a ka, ka bi sawunsa duk inda ya ɓulla. A saurare na biyu ko na uku ne kunne yake fara ganewa.

Sai lasifikar waya. Tana cinye rabin kiɗan. Kiɗan Bolero na Ravel, Bafaranshe mai tsara kiɗa, na 1928, yana farawa da ƙaramar ganga can ƙasa-ƙasa, ya yi ta hawa har kusan minti 15 kafin duk makaɗan su haɗu. Idan farkon ya ɓace maka, ƙarshen hayaniya kawai zai zama. Sa iyafis, ka nemi wuri shiru.

Wasu kuma guntu-guntu suke tsinta a intanet. Simfoni galibi babi huɗu ce, mai sauri da mai sanyi a jere, kowanne yana share wa na gaba hanya. Ji ta cikakkiya. In ka samu kanka a zauren kiɗa, al'adar yanzu ba a tafi sai babi na ƙarshe ya ƙare. Amma kada sabon shiga ya fara da Simfoni ta 9 ta Beethoven, wadda ta haura awa guda. Gajerun kiɗan Vivaldi ko na Mozart sun fi sauƙin shiga kunne.

Wanda ya fi damuna shi ne a ce kiɗan mutanen nan duk ɗaya ne. Bach ya rasu a 1750, shekara 6 kafin haihuwar Mozart, kuma yawancin aikinsa a birnin Leipzig na Jamus na coci ne. Shi yakan saki kari biyu, uku, har huɗu su tafi tare, kamar zare a hannun masaƙi. Mozart kari ɗaya mai daɗi yake sawa a gaba. Beethoven kuwa, wanda ji ya ƙwace masa tun kafin ya gama ta 9 a 1824, kokawa yake yi da sautin. Ni dai Bach ne gwanina, don duk komawar da zan yi sai na tsinci abin da ya wuce ni. Kai ma zaɓi mutum ɗaya ka zauna da shi wata guda kafin ka yanke hukunci.

Kada kuma ka yar da kiɗa don makaɗi ɗaya bai gamsar da kai ba. Glenn Gould, ɗan Kanada mai kaɗa piyano, ya naɗi Goldberg Variations na Bach sau biyu: na 1955 kusan minti 38, na 1981 kusan minti 51. Rubutu ɗaya, hannu ɗaya, amma ɗanɗano daban. Canza makaɗi ka sake gwadawa.

Masu cewa wannan fage na Turawa ne kaɗai su nemi African Suite na Fela Sowande, ɗan Najeriya da ya rasu a 1987 (ba Fela Kuti ba), wanda ya ɗauko karin Afirka ta Yamma ya tsara wa masu goge.