Yadda ake zaɓar wa jariri sunan da ba zai dame shi ba

Yawancin iyaye daga ma'ana suke farawa, a nan kuma suke tsayawa. Ma'ana tana da amfani, amma malamin da ke kiran rajista da mai duba takardun neman aiki ba ita suke fara gani ba. Sauti da rubutu ne ke iso musu kafin mai sunan ya buɗe baki. A 2004, masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun fitar da sakamakon takardun neman aiki kusan 5,000 da suka aika wa kamfanoni a biranen Boston da Chicago na Amurka, inda suka riƙa canza sunan da ke kai. Masu suna irin na fararen fata, kamar Emily da Greg, sun fi masu suna irin na baƙaƙen fata, kamar Lakisha da Jamal, samun kiran ganawa da kashi 50 cikin ɗari. Wannan wariyar masu ɗaukar aiki ce, ba dalilin gudun sunan gida ba, sai dai ta nuna cewa suna linzami ne.

Fara da rubuta sunaye, kada su wuce biyar. Jerin ashirin rigima kawai yake kawowa tsakanin uwa da uba.

Daga nan sai gwajin baki, matakin da kusan kowa ke tsallakewa. Kira kowane suna da ƙarfi haɗe da sunan mahaifi, sau goma a jere, da sauri. Idan harshe ya sarƙe, kamar Amina Aminu, cire shi. Sai ka kira shi daga wani ɗaki, kamar yaron yana waje yana wasa. Sunan da ya fi gaɓa uku kusan kullum yankewa ake yi, don haka ka yanke shi da kanka tun yanzu, ka ji abin da ya saura. Idan guntun yana kama da zagi ko sunan wani abu mai ban dariya, yaran makaranta za su gano shi a makon farko, kuma ba za su saki ba.

Sannan ka faɗa wa mutum uku da ba su san zancen ba, su rubuta. Ka ba wasu uku a rubuce, su karanta. Idan rubutu uku daban suka fito, haka yaron zai ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane. Binciken masanin halayyar ɗan Adam Simon Laham da abokan aikinsa na 2012 ya nuna an fi kyautata zato ga mai sunan da ke da sauƙin furtawa. Ƙirƙirar sabon rubutu don suna ya fita daban, a saka y inda kowa ke saka i, wahala ce kawai ake saya wa yaro.

Tsayar da rubutu ɗaya. Muhammad, Mohammed da Muhammadu a wurin kwamfuta mutum uku ne, kuma gyaran takardu daga baya yana cin kuɗi da lokaci. Sunaye masu waƙafi a sama, irin Sa'adatu ko Mas'ud, da masu ƙ, ɗ ko ɓ, wasu fom na intanet ba sa karɓarsu, sai ka yanke shawarar yadda za a rubuta su a can ma. Layin da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo gurbi 39 kawai yake ba suna gaba ɗaya, abin da ya wuce haka a datse.

Duba dokar inda za a yi rajista. New Zealand ba ta yarda da sunan da ke kama da muƙami, kamar King (wato Sarki), Iceland kuma kwamiti gare ta mai tantance sababbin sunaye. Kada ka sanar da dangi sai kun gama yanke shawara. Ranar karɓar takardar haihuwa, karanta sunan harafi bayan harafi kafin ka bar ofishin.