Yadda ake kiwon kifin ras na ruwan gishiri a gida a Legas

Kifin ras (wrasse da Turanci) na cikin kifayen ado da suka fi kyawun launi. Danginsa, Labridae, sun haura iri 600, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa daga wuraren murjani na tekun Indiya da Fasifik ake kawo su. Shi kansa kifin ba shi da wuyar sha'ani. Abin da ke kashe shi a Legas zafi ne da ɗaukewar wuta, don haka daga nan za ka fara, tun kafin ka taka shagon mai sayarwa.

Famfon da ke juya ruwa bai kamata ya tsaya ba. In ya yi sa'o'i a kashe, iskar cikin ruwan ta ragu, kifi ya soma haki. Mazaunin Agege ko Idi-Araba ba sai an gaya masa halin wuta ba. Haɗa famfon da inbata, ka kuma ajiye ƙaramin injin iska mai batir a kusa. Zafin ruwan kuwa ya tsaya tsakanin maki 24 zuwa 26, alhali a Fabrairu da Maris zafin gari kan wuce 30. Nisanta tankin da taga, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. In hakan bai isa ba, sai na'urar sanyaya ruwa. Tana da tsada, amma a ganina wanda bai shirya mata ba gara ya dakata.

Sai tanki. Nemi mai cin lita 200 ko fiye. Ga mai farawa ina ba da shawarar ras ruwan ɗorawa, wanda sunansa na kimiyya Halichoeres chrysus. Ba ya wuce santimita 12, kuma ba mafaɗaci ba ne. Guji Labroides dimidiatus, mai tsince ƙwari a jikin wasu kifaye, don yakan rame ya mutu a tanki. Shimfiɗa yashin teku mai laushi, kaurin aƙalla santimita 5, saboda a cikinsa yake kwana. Da magariba za ka ga ya yi shawagi kusa da ƙasa, sai ya soka kai ya nutse, yashin ya rufe shi ruf. Tsakuwa mai kaifi za ta yanke masa baki. Jera duwatsu masu ramuka, sannan ka rufe tankin da raga mai ƙananan idanu, domin ras gwanin tsalle ne, ƙaramar kafa ta ishe shi.

Ruwan ka haɗa da kanka. Kada ka ɗebo daga lagun ko bakin teku, kuma gishirin girki ba ya yi. Sayi gishirin tankin kifi, ka narkar da shi a ruwan da na'urar RO (reverse osmosis, mai cire datti da sinadarai daga ruwa) ta tace, ma'aunin gishiri ya nuna 1.024 zuwa 1.026. Bar tankin ya yi mako huɗu zuwa shida yana aiki ba kifi, kana saka ɗan abinci, har gwaji ya nuna amoniya da nitirait, wato gubobin da ruɓewar abinci ke haifarwa a ruwa, sun koma sifili.

A shago, ce a ba kifin abinci a gabanka. Wanda ya ƙi ci, bar musu abinsu. A gida ka ɗora ledar a kan ruwan tanki na minti 15, sannan ka riƙa zuba mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan kafin ka sake shi, fitila a kashe. Zai iya shigewa yashi ya yi kwanaki bai fito ba. Don Allah kada ka tone shi. Tonon nan ne ke ƙara firgita shi.

Ba shi ƙananan jatan lande daskararru sau biyu ko uku a rana, daidai abin da zai cinye nan take. Canja kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako. Abin da zafi da fanka suka ƙafar kuwa, cike gurbinsa da tataccen ruwa marar gishiri, domin ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan a tanki.